Wa Ya Gano Kogon Mammoth?

A jihar Kentucky ta Amurka akwai wani yanki na tuddai da kurmi wanda in ka ratsa shi a mota ba abin da zai ja hankalinka. Gonaki ne da shanu da bishiyoyi, sai wani kogi da ake kira Green River yana bi ta cikin kwari. Amma ƙarƙashin wannan ƙasa akwai kogo mafi tsawo da ɗan Adam ya sani a duniya, wato Mammoth. Abin da aka auna na hanyoyinsa zuwa yau ya haura kilomita 680. Wanda ya taɓa tashi daga Kano ya nufi Maiduguri ya san nisa. To ya ƙara wani abu a kai, ya kuma ɗauka duk tafiyar a cikin duhu ake yinta, wani wuri a tsaye, wani a sunkuye, wani da rarrafe, wani da jan ciki a cikin ruwan sanyi. Hanyoyin kuwa a cukurkuɗe suke, wata bisa wata, shi ya sa duk wannan tsawo ya shige ƙarƙashin 'yan tuddai kaɗan.

In ka tambayi wa ya gano shi, labarin da aka daɗe ana ba baƙi shi ne na wani maharbi mai suna Houchin, wanda aka ce a ƙarshen ƙarni na 18 ya bi sawun wata dabbar daji da ya harba har ta kai shi bakin kogon. Labarin yana da daɗin ji, amma ko da gaskiya ne, abin da maharbin ya gani ƙofa ce. Wanda ya tsaya a zaure bai san gida ba. Tambayar da ta dame ni ita ce su wa suka shiga ciki, da me suka biya, kuma sunan wa aka riƙe.

Sai an fahimci dutsen kafin a zo ga mutanen. Mu a ƙasar Hausa in an ce kogo, abin da ke zuwa a rai shi ne sarari tsakanin manyan duwatsu da suka jingina da juna, irin na Birnin Kudu inda magabata suka bar zane a jikin dutse. Taku kaɗan ka kai bango, domin dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya ci. Na Kentucky kuwa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka da Malbaza ta Nijar ana yin siminti. A lissafin masana, shekaru wajen miliyan 330 da suka wuce wurin teku ne marar zurfi, ɓawon ƙananan halittun ruwa ya yi ta taruwa a gindinsa har ya daskare ya zama dutse. Raunin wannan dutse shi ne ruwa mai ɗan tsami yana narkar da shi. Ruwan sama in ya ratsa ƙasa, ya bi ta ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi, yakan kwashi iskar kabon ya yi wani ɗan tsami da harshe ma ba ya ji. Sai ya sami tsaga siririya kamar zare, ya shiga, ya lashi gefenta. Shekara dubu, dubu ɗari, miliyan, tsaga ta zama bututu, bututu ya zama hanyar da tirela za ta wuce ba ta taɓa rufi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu suka haɗu a Kentucky har kogon ya kai haka. Duk lokacin da Green River ya ƙara cin gindinsa ya nutsa, ruwan da ke cikin dutse sai ya bar tsohuwar hanyarsa ya sauka ya fara haƙa sabuwa a ƙasa. Da haka kogon ya zama hawa biyar, na sama a bushe ƙayau, na can ƙasa har gobe koguna na gudu a cikinsu. Sannan a saman tuddan akwai shimfiɗar dutsen yashi wadda ta zama murfi, ta hana ruwan sama rusa tsofaffin hanyoyin. Saboda wannan murfin ne mafi yawan Mammoth ba shi da irin duwatsun nan masu tsini da ke reto daga rufi a hotunan wasu kogwannin. Sai a gefen tudu, inda murfin ya ƙare ruwa ke ɗiga, ake samunsu. Sanyin ciki kuma kusan ba ya sauyawa, yana nan wajen digiri 12 rani da damina.

Waɗanda suka fara shiga 'yan asalin nahiyar ne, tun shekaru 4,000 ko fiye. Ba leƙawa suka yi ba. Sun yi tafiyar kilomita wajen 30 a ciki, da damin kara da suke kunna wa wuta, suna kankare wani farin ma'adini da ake kira jifsam daga bango. Bushewar kogon ta adana abin da suka bari: guntayen karan da suka ƙone, takalman saƙa, ƙoƙuna na duma. A 1935 aka tsinci gawar ɗaya daga cikinsu a bushe, wani ƙaton dutse ya danne shi yana cikin haƙa, fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Abin takaici, an sa gawar a gilashi an yi shekaru ana nuna wa 'yan yawon buɗe ido kafin a mayar da ita wani ɓoyayyen wuri a cikin kogon. Wajen shekaru 2,000 da suka wuce waɗannan mutane suka daina shiga, sanin da suka yi wa hanyoyin kuma ya tafi tare da su.

Turawa da suka zo, abin da ya fara kai su ciki albarushi ne. Ƙasar kogon tana ɗauke da gishirin da ake haɗa albarushi da shi, kuma da Amurka ta shiga yaƙi da Birtaniya a 1812, hanyar shigo da shi daga waje ta toshe. Bayi baƙar fata aka zuba a ciki. Suna haƙar ƙasa a hasken fitila, su zuba a manyan akwatunan katako, a kwarara ruwa ya tace, kamar dai yadda mata ke tatar ruwan toka, sannan a tura ruwan waje ta cikin gungumen itace da aka fafe. Gumagumai da akwatunan suna nan a wurin har yau. Yaƙi na ƙarewa kasuwa ta faɗi, masu kogon suka koma karɓar kuɗin masu zuwa kallo, daga wajen 1816.

Nan ne Stephen Bishop ya shigo labarin. A 1838 wani lauya, Franklin Gorin, ya sayi kogon ya kawo wannan bawa nasa, saurayi ɗan shekara 17 ko kusa da haka, ya zama ɗan jagora. Aikin da aka ba shi shi ne ya haddace hanyar da ake bi da baƙi ya riƙa kai su yana dawo da su. A lokacin akwai wani rami da ya tare hanya, mai zurfin mita 30 da wani abu, wanda ake kira rami marar gindi, domin in an jefa wuta a ciki ba a ganin inda ta sauka. Kowa a bakinsa yake juyawa. Bishop ya gitta katako a kai ya haye, da fitilar kitse irin a-ci-bal-bal ɗinmu, wadda haskenta bai wuce taku kaɗan ba, kuma in ta mutu ba sauran bambanci tsakanin ido a buɗe da ido a rufe. A hayin ramin ya tarar da abin da ya sauya kogon baki ɗaya: hanyoyin da suka sauka har zuwa kogunan ƙarƙashin ƙasa, ciki har da wanda ake kira Echo River saboda yadda murya ke amsa-kuwwa a kansa, da fararen kifaye marasa ido waɗanda masana daga nesa suka yi ta zuwa gani.

A 1839 Gorin ya sayar wa wani likita, John Croghan, kogon a kan dala 10,000, kuma Bishop na cikin abin da aka sayar. Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan. A ƙarƙashin ƙasa, attajirai da malaman jami'a suna bin bayansa, in ya ce a sunkuya a sunkuya, in ya ce a tsaya a tsaya, ransu na hannunsa. Da an fito hasken rana, kaya ne da ake rubutawa a takardar ciniki. Ya koyi karatu da rubutu, ya tsinci sunayen duwatsu daga bakin masanan da yake jagoranta har ya zama shi ke yi wa na bayansu bayani. Yakan rubuta sunansa a bangon kogon, a wani wuri ma ya rubuta na matarsa Charlotte. A 1842, a gidan Croghan da ke kusa da birnin Louisville, ya zauna ya zana taswirar kogon da ka, ba kamfas ba tef ɗin awo, abin da ƙafarsa da gwiwarsa suka sani kawai. An buga taswirar a wani littafi a 1845 da sunansa a jiki, abin da ba kasafai ake yi wa bawa ba, kuma an yi shekaru da dama ana aiki da ita.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Mat Bransford da Nick Bransford, bayi su ma, waɗanda aka yi hayarsu daga ubangidansu. Mat yana jagorantar baƙi suna yaba masa, a gida kuwa an sayar da uku daga cikin 'ya'yansa huɗu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi Croghan da yake likita ne, ya ga katakon zamanin yaƙi bai ruɓe ba, sai ya yi zaton iskar kogon magani ce. A 1842 ya sa aka gina ɗakuna a ciki ya kwantar da masu tarin fuka. Sanyi da duhu da hayaƙin girki suka ƙara musu ciwo, wasu suka mutu a ciki, aka watse cikin watanni. Biyu daga ɗakunan dutsen suna tsaye har yanzu. Croghan kansa tarin fukan ne ya kashe shi a 1849, ya bar wasiyyar a 'yanta bayinsa bayan shekara bakwai. Bishop ya sami 'yanci a 1856, ya rasu a 1857.

Da ƙarni na 20 ya kama, kogo ya zama abin neman arziki. Ƙasar yankin ba ta da albarkar noma, don haka duk manomin da ke da rami a gonarsa yana mafarkin ya zama mai karɓar baƙi. Aka shiga gasa marar tsabta, ana tare matafiya a hanya ana ce musu Mammoth a rufe yake, ana karkatar da allunan nuna hanya. A cikin wannan yanayi Floyd Collins ya taso. A 1917 ya gano wani kyakkyawan kogo, Crystal, a gonar gidansu da ke tudun Flint Ridge, amma wurin ya yi nisa da titi, baƙi ba sa kaiwa. Sai ya shiga neman wata ƙofar kusa da hanya. Ranar 30 ga Janairu, 1925, yana jan ciki zai fito daga wani matsattsen rami da ake kira Sand Cave, fitilarsa ta mutu, wani dutse mai nauyin kilo 12 kacal ya faɗo ya maƙale masa ƙafa, tsakuwa ta zubo ta rufe masa hannaye. Mita 17 ne tsakaninsa da saman ƙasa. Masu ƙaramin jiki suna iya kaiwa gare shi da abinci, har wani matashin ɗan jarida, William Miller, ya yi ta shiga yana hira da shi, abin da ya ba shi kyautar Pulitzer daga baya. Jaridu da rediyo suka ɗauka, dubban mutane suka cika wurin kamar ranar kasuwa, masu sayar da abinci suna ciniki, mutum yana mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Bayan kwana biyar ramin ya rufta. Aka haƙa rijiya daga sama, aka iske shi ranar 16 ga Fabrairu, ya riga ya cika. Ko gawarsa ba a ƙyale ba: an sa ta a akwati mai murfin gilashi a cikin Crystal ana karɓar kuɗin kallo, sai a 1989 aka binne shi a maƙabartar cocinsu.

Wannan hayaniya ta taimaka wajen jawo hankalin gwamnati. A 1926 majalisar dokokin Amurka ta amince a mai da yankin gandun ƙasa, a 1941 aka tabbatar da shi. Kogon ya sami kariya, amma an tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu, kuma zuriyar Bransford, waɗanda suka yi shekara ɗari suna jagoranci kaka da jika, ba a ɗauki ko ɗayansu aiki ba, saboda launin fata. Ban ga yadda za a ba da tarihin wurin nan da gaskiya a tsallake wannan ba.

Binciken zamani ya fara ne a Flint Ridge, tudun da ke fuskantar na Mammoth, da wani kwari a tsakaninsu. A 1954 wata tawaga ta mutum 64 ta yi mako guda a cikin Crystal ba ta samo abin kirki ba. Darasin da aka ɗauka shi ne taron yuyuyu ba ya wannan aiki. A 1957 aka kafa ƙungiyar Cave Research Foundation, ta 'yan sa kai, malamai da injiniyoyi da ɗalibai masu zuwa a ranakun hutu. Ƙa'idarsu ita ce duk inda aka shiga a auna shi. Ga yadda ake yi: mutum uku ko huɗu, ɗaya ya wuce gaba ya sa alama a dutse, a ja tef daga alamar baya zuwa ta gaba, ɗaya ya kwanta ya ɗora ido a kamfas ya faɗi kusurwa, a auna gangara, mai littafi ya rubuta ya kuma zana siffar bango, da fensir da yatsun da sanyi ya ƙame. A matsattsen wuri kowane awo bai fi 'yan mitoci ba. A yi haka awa ashirin, a fito da mita ɗari biyu ko uku. Yau akwai na'urar awo mai hasken leza, amma jan cikin yana nan yadda yake. Kilomita 680 ɗin nan da haka aka tara su, kuma hanyar da ba a auna ba ba ta shiga lissafi ko da wani ya rantse ya bi ta.

Da wannan haƙuri suka haɗe kogwannin Flint Ridge ɗaya bayan ɗaya, har a 1969 tsawonsu ya zarce na Hölloch da ke Suwizalan ya zama na ɗaya a duniya. Saura burin da kowa ke ɗauke da shi, a sami hanyar da ta bi ta ƙarƙashin kwarin ta ɓulla Mammoth. A bazarar 1972, ƙarƙashin jagorancin John Wilcox, suka kai wata tsaga da ta hana kowa wucewa. Patricia Crowther, mace mai ƙaramin jiki wadda nauyinta bai wuce kilo 52 ba, kuma ita ce mai shigar da alƙaluman awo a kwamfuta, ta matsa ta shige. Bayan tsagar akwai rafi. A wata shiga ta gaba, masu bin rafin suka haska bango suka ga an rubuta "Pete H" da kibiya. Pete Hanson ɗan jagoran Mammoth ne wanda ya shigo nan ta ɗaya ɓangaren a 1938, ya kuma mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ashe sun riga sun shigo ƙarƙashin tudun Mammoth. Ranar 9 ga Satumba, 1972, suka koma da tef da kamfas. Rufi ya yi ta saukowa, ruwa na hawa, har Wilcox ya wuce shi kaɗai da ruwa iya wuya. Da rufin ya ɗaga, fitilarsa ta haska wani abu miƙaƙƙe wanda ruwa ba ya ƙerawa: ƙarfen dafawa na hanyar 'yan yawon buɗe ido, a bakin Echo River. A ranar kogon ya zama ɗaya, mai tsawon kilomita 232. A 1983 aka haɗe shi da na Roppel da ke wajen iyakar gandun ta gabas, kuma tun daga nan kusan kowace shekara sai an ƙara wani abu.

Da aka koma kan tsofaffin takardu, sai ga bakin wannan hanyar da suka ɓullo ta cikinta a taswirar Bishop ta 1842. Wata madatsa da aka gina a Green River a farkon ƙarni na 20 ce ta ɗaga ruwa ta ɓoye ta. Shekara 130 tsakanin zanensa da ranar Wilcox.

Akwai kuma inda jikin mutum ba ya shiga, nan sai a aiki ruwa. Masanin ruwa James Quinlan da abokan aikinsa sun yi shekaru suna zuba rini marar guba a ramukan da ƙasa ta lotsa, su je maɓuɓɓugai su jira inda launin zai ɓullo. Abin da suka gano shi ne yawancin ruwan kogon daga gonaki da garuruwa da titunan da ke wajen gandun yake zuwa, kuma a irin wannan dutse ba ƙasar da ke tace shi, abin da aka zubar yau yana iya kaiwa ƙasa cikin kwanaki. Garin Horse Cave da ke kusa ya ɗanɗana: an yi ta tura ƙazantar gari da ta masana'antu cikin ramuka, har kogon da ke tsakiyar garin ya yi ɗoyin da ya sa aka rufe shi a 1943. Sai da aka gina matatar ƙazanta a 1989 ruwan ya fara gyaruwa, kifaye marasa ido suka dawo. Hukumar UNESCO ta sa Mammoth cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, amma shingen gandu ba ya tare ruwan da ke bi ta ƙarƙashinsa.

To, wa ya gano shi? Ba a gama ganowa ba tukuna, domin har yanzu akwai tsagogin da iska ke hurowa daga cikinsu, alamar akwai sarari a gaba, kuma masana na ganin sauran da ba a taka ba zai kai ɗaruruwan kilomita. Masu damin kara sun riga kowa, kuma sun cancanci a fara da su. Amma in dole sai an kama suna ɗaya, ni Stephen Bishop zan kama. Shi ya haye inda kowa ya juya, kuma shi ya fitar da abin da ke cikin kansa ya sa a takarda yadda na baya za su ɗora, alhali ko jikinsa ba mallakarsa ba ne. A 2004 Jerry Bransford, wanda ya fito daga tsatson Mat, ya sa rigar ma'aikatan gandun ya koma aikin da aka raba kakanninsa da shi. Kabarin Bishop kuwa yana kan tudu kusa da tsohuwar ƙofar kogon. Dutsen da ke kansa wani baƙo ne ya biya kuɗinsa shekaru bayan rasuwar, kuma an rubuta 1859 a jiki maimakon 1857.